777 Ba Gyara Ba Ne

 Daga nan Tudun Wada a birnin Minna nake magana. Maganar yau ta fi shafar matasanmu masu rubuta 'yan ƙananan manhajoji don sha'awa, ko don aikin kammala karatu, ko don su taimaki kawunsu mai kantin magani ya riƙa sanin abin da ya rage a kan kanta. Amma kada mai kantin ya murɗa akwatin rediyonsa, haka shugabar makarantar kuɗi da mai shagon buga takardu, domin a kwamfutarku ake girka waɗannan manhajoji, sirrinku ne kuma a cikinsu. Minna ba ta rasa masu wannan hannu ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan tun 1983, da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano, har da sashe guda na nazarin tsaron kwamfuta, kuma duk shekara ana yaye ɗalibai da manhaja a cikin jaka. Abin da zan tsaya a kansa guda ɗaya ne: ranar da manhajarka ta bar kwamfutarka ta shiga ta wani, izinin da ka bari a kan fayilolinta ya zama hukuncin da ka yanke wa duk wanda zai girka ta, don haka duba wannan izini nauyi ne a wuyan wanda ya ƙunsa manhajar, ba a wuyan wanda ya karɓa ba.

Bari mu fara da abin da izinin yake. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakin bincike na Bell a Amurka, an yi shi ne don mutane da yawa su yi aiki a kan na'ura ɗaya, saboda haka dole kowane fayil ya san wa zai bari ya taɓa shi. Linux ya gaji wannan tsari, macOS ma haka, wayar Android da ke aljihunka kuwa a kan Linux take zaune. Ku ɗauka gidan haya ne irin namu na cikin unguwa: akwai mai ɗaki, akwai sauran 'yan gida da suke shiga ta zaure ɗaya, akwai kuma kowa da kowa da ke wucewa a layi. Kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuninsa, sai kuma sauran jama'a, kuma ga kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana tambaya uku: zai iya karantawa, zai iya rubutawa, wato sauyawa, zai iya gudanar da fayil ɗin a matsayin manhaja? An ba karatu lamba 4, rubutu lamba 2, gudanarwa lamba 1, sai a tara. Shida na nufin karatu da rubutu. Biyar, karatu da gudanarwa. Bakwai, komai da komai. To idan ka ji an ce 644, mai fayil yana karantawa yana rubutawa, sauran kowa karatu kawai. Idan aka ce 755, mai shi yana da duka, sauran suna karantawa su gudanar amma ba sa sauyawa. Idan aka ce 600, daga mai shi babu wani. Idan kuwa aka ce 777, to ba a hana kowa komai ba.

Wanda yake gaban kwamfutarsa ta Linux yanzu ya buɗe allon umarni ya rubuta ls -l. Zai ga kowane layi ya fara da haruffa goma, misali -rw-r--r--. Na farko yana faɗin nau'in abin, ɗan karan nan fayil ne, da folda ce da ya ga harafin d. Sauran taran a karanta su uku-uku: rw- na mai fayil, r-- na rukuni, r-- na sauran jama'a. Bayan haka sunan mai fayil, sai sunan rukuni. Waɗannan haruffa ba ka taɓa zama ka zaɓe su ba, amma ga su nan a kan kowane fayil da ka ƙirƙira. Wanda ya zaɓa maka shi ne wani saiti da ake kira umask, wanda aikinsa ragewa ne. Yawancin manhajoji idan za su ƙirƙiri fayil suna neman 666, folda kuma 777, sai umask ya cire abin da aka ce ya cire. Wanda aka fi sani shi ne 022, wanda ke cire ikon rubutu daga rukuni da sauran jama'a, sai fayil ya fito 644, folda ta fito 755. A Ubuntu kuwa, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, talakan mai amfani yakan samu 002, sai fayilolinsa su fito 664. A lura da kyau: ko 022 ɗin da ake yabo bai hana kowa karantawa ba. Idan manhajarka ta ajiye kalmar sirri ta rumbun bayanai a cikin fayil, ba ka ce komai ba game da izininsa, to ka bar wa kowane asusu a kan na'urar ya karanta.

Me ya sa nake ɗora wa saitin asali nauyi haka, alhali kowa na iya sauya shi da umarni ɗaya? Saboda kusan ba mai sauyawa. Mai kantin magani ba zai buɗe allon umarni ba har abada, kuma ba laifinsa ba ne, ba sana'arsa ba ce. Masana sun gane wannan tuntuni. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun fitar da wata maƙala kan kare bayanai a kwamfuta, kuma biyu daga cikin ƙa'idojin da suka zayyana har yau su ne ginshiƙi: a fara daga hani sannan a buɗe wa wanda ya cancanta, kuma a ba kowace manhaja iyakar ikon da aikinta ke buƙata, kada a ƙara mata ko kaɗan. Manyan masu gina tsare-tsare ma sai a hankali suka bi. Shekara da shekaru Ubuntu na ƙirƙirar foldar gida ta kowane mai amfani da 755, ma'ana idan mutum biyu na da asusu a kwamfuta ɗaya, kowa na iya leƙa takardun ɗan'uwansa. Sai a fitowar watan Afrilun 2021, wato Ubuntu 21.04, aka mayar da ita 750 ga sabbin girki. Manhajar OpenSSH, wadda ake shiga kwamfutar nesa da ita, ta ɗauki hanya mafi tsauri: idan ta ga mabuɗinka na sirri yana da izinin da wani zai iya karanta shi, ba ta lallashinka, ƙin amfani da shi take yi har sai ka gyara. Ni a ganina wannan taurin kai ne mai kyau, kuma mai rubuta ƙaramar manhaja ma zai iya koyi da shi da layi huɗu ko biyar.

Yanzu ga inda muka fi yin ɓarna. A ce ɗalibi ya rubuta wa wata makaranta a unguwar nan manhajar ajiye sakamakon jarrabawa, da PHP, kamar yadda da yawa ke yi. Ya ɗora ta, malam ya zo zai loda hoton ɗalibi, sai allo ya ce an hana izini. Lokaci ya ƙure, shugaban makaranta na tsaye a kansa. Sai ya rubuta chmod -R 777 a kan foldar gaba ɗaya, hoto ya hau, kowa ya yi ajiyar zuciya. Abin da ya faru a zahiri shi ne folda ɗaya ce tak, ta hotuna, take buƙatar asusun da ke gudanar da shafin ya iya rubutu a cikinta, kuma gyaran shi ne a mayar da ita mallakar wannan asusu, wanda a Debian da Ubuntu ake kira www-data. Maimakon haka ya buɗe komai: fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirri, da tushen manhajar kanta, da ɗan rubutun umarnin da yake kwafe bayanai kowane dare. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin idan babban asusu mai cikakken iko, wanda ake kira root, shi ke gudanar da shi da daddare, kuma kowa na iya sauya abin da ke cikinsa, to duk wanda ya samu ƙaramar kafa ta wurin loda hoto zai ƙara layi ɗaya a ciki ya kwanta, gari na wayewa na'urar ta zama tasa. Saƙon hana izinin nan da ya ɓata wa ɗalibin rai ba matsala ba ce, tsarin ne yake gaya masa cewa bai riga ya yanke shawarar wa ke da wace folda ba. Da 777 bai amsa tambayar ba, rufe bakin mai tambaya ya yi.

Ko wanda ya saita izininsa daidai, akwai abin da ke jiransa a hanya, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai saboda yadda muke miƙa wa juna manhaja. Data na da tsada, sai a kwafa a filash. Yawancin filash ana tsara su ne da FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da wurin ajiye mai fayil ko izinin Unix ko kaɗan, saboda haka abin da ya fito daga filash yana ɗaukar duk izinin da kwamfutar da aka soka shi ta ga dama ta laƙaba masa, sau da yawa har hoto da takarda sukan fito da alamar gudanarwa. Zip ɗin da aka haɗa a Windows shi ma ba ya ɗauko izinin Unix. Git, inda ake ajiye tushen manhaja, abu ɗaya kawai yake tunawa, ko fayil na gudanarwa ne ko a'a, 600 ɗin da ka sa wa fayil ɗin sirri ba za ta bi shi ba. Tar kuma, wanda shi ma haɗa fayiloli yake yi kamar zip, matsalarsa akasin haka ce, ba ya mantuwa. Yana riƙe izini da mai fayil yadda suke a kwamfutarka, kuma idan root ne ya kwance shi sai ya mayar da su yadda ya same su. Idan babu mai sunanka a sabuwar na'urar sai ya koma ga lambarka, wadda a Debian da Ubuntu 1000 ce ga mutum na farko da aka buɗe wa asusu. Sakamakon shi ne manhajar da aka girka don kowa ta zama mallakar duk wanda ya dace da wannan lamba a can, yana iya sauya ta ba tare da neman izinin kowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna maka jan rubutu. Manhajar za ta tashi ta yi aiki lafiya lau.

Mafitar da mutane suka fi kamawa ita ce su rubuta ɗan fayil na girki, su ce a gudanar da shi da sudo, wato da ikon root. Labarai biyu na gaske sun isa su nuna abin da ke cikin wannan. A 2011 akwai wata manhajar 'yan sa-kai mai suna Bumblebee, wadda ke taimaka wa masu laftof mai katin hoto na Nvidia su yi amfani da shi a Linux. A cikin fayil ɗin girkinta akwai layin da aka so ya goge wata ƙaramar folda a ƙarƙashin /usr/lib. Sai aka samu tazara guda ɗaya, bugu ɗaya na dogon maɓallin nan na ƙasa, tsakanin /usr da /lib. Kwamfuta ta karanta shi a matsayin wurare biyu da za a goge, na farkonsu /usr ɗungurungum, inda kusan dukkan manhajojin tsarin suke zaune. Da yake da ikon root ake gudanar da girkin, babu abin da ya tare shi, waɗanda abin ya rutsa da su sai da suka sake girka tsarinsu. A watan Janairun 2015 kuma irin wannan ta faru da Steam, manhajar wasanni ta kamfanin Valve, wanda ba ƙaramin kamfani ba ne. Wani ya matsar da foldar manhajar, sai wurin da ya kamata sunan foldar ya shiga cikin umarnin gogewa ya zama fanko, umarnin ya fara gogewa daga tushen na'urar. Ya yi asarar duk fayilolinsa, har da na faifan ajiya da ke jone a lokacin. Amma fayilolin tsarin sun tsira, domin Steam ba da ikon root take gudana ba, izinin 755 mallakar root ya tsaya mata a gaba. Kuskure iri ɗaya ne, kuma a duka biyun iyakar ɓarnar ita ce iyakar izinin da aka ba mai kuskuren.

Nan ne ƙunsa manhaja yadda tsarin ya tanada yake da amfani, kuma ba don ado ba. Ƙunshi, ko .deb na Debian da Ubuntu ne, ko .rpm na Fedora, ko na Arch, yana ɗauke da jerin kowane fayil, da inda zai sauka, da mai shi, da izininsa, da sauran manhajojin da ya dogara da su. Mai sarrafa ƙunshi yana rubuta wannan jeri, ya ƙi yarda ƙunshi biyu su taka fayil ɗaya, kuma ranar cirewa abin da ke jerin kawai yake cirewa, ba sai ka rubuta umarnin gogewa da hannunka ba. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan: fayiloli su zama mallakar root, 644 ga na karatu, 755 ga na gudanarwa da foldoji, duk abin da ya kauce wa haka sai da dalili. Ba su bar abin ga tunanin ɗan'adam ba. Akwai dh_fixperms da ke daidaita izini lokacin haɗa ƙunshi, akwai fakeroot da ke ba ka damar rubuta root a matsayin mai fayil ba tare da ka zama root ɗin ba, akwai lintian da ke bin ƙunshin yana ƙorafi kan duk izinin da bai saba gani ba. Fedora na da rpmlint, Arch na da namcap, kuma makepkg na Arch ƙin aiki yake yi sam idan ka kira shi da root. A fayil ɗin haɗa ƙunshi na Arch za ka ga layi kamar install -Dm644 ko install -Dm755 a gaban fayiloli. Wannan shi ne ribar gaske: tsarin yana tilasta maka ka furta lambar da bakinka, fayil bayan fayil, kuma a wurin furtawar ne mutum yake tsayawa ya ce, to wannan da ke ɗauke da kalmar sirri fa?

Na san abin da wani zai ce: malam, manhajar sha'awa ce, mutum biyar ke amfani da ita, wa ya damu da ita, kuma kwamfutar mutum ɗaya ke taɓa ta. Kashi na biyu na maganar ba gaskiya ba ne ko a Linux ɗin da ke ɗakinka. Buɗe /etc/passwd ka ƙirga, za ka tarar da asusu barkatai waɗanda ba mutane ba ne, na shafin intanet, na rumbun bayanai, na na'urar buga takarda. An raba su ne domin idan aka fasa ɗaya kada a samu sauran, kuma 777 wannan rabuwar take rushewa. Balle kuma a shagunanmu, inda kwamfuta ɗaya ke yin rajistar JAMB da safe, da rana a duba sakamakon NECO, wadda hedikwatarta ma a garin nan take, da yamma yaron shago ya soka filash ɗin wani baƙo. Kashi na farko kuwa ya ɗauka cewa mai kai hari yana zaɓen mutum ne. Mafi yawan hare-hare na'ura ce ke yin su, tana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya tana gwada sanannun kafofi, ba ta san Tudun Wada ba balle ta raina ta. Sannan mutum biyar ɗin nan ba su ne kawai a ciki ba. Manhajar makaranta na ɗauke da sunayen yara ɗaruruwa da hotunansu da lambobin iyayensu, ta kantin magani na ɗauke da wa ya sayi wane magani, abin da mutum ba ya so ko maƙwabcinsa ya sani. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, kuma ba ta ce sai manhajar da aka saya da tsada ba. Ko babu doka ma, amana ce.

Wani kuma zai ce duk wannan hirar 'yan Linux ce, mu nan Windows da Android muke amfani da su. Sunaye ne suka bambanta, ciwon ɗaya ne. A Windows, foldar da ka ƙirƙira kai tsaye a ƙarƙashin C takan gaji izinin da ke barin duk mai asusu ya sauya abin da ke cikinta, saɓanin Program Files da aka killace. Ɗalibai da yawa a can suke zuba manhajarsu, kusa da XAMPP, wadda masu ita da kansu suka ce ta gwaji ce ba ta aikin gaske ba, kuma take zuwa da babban asusun rumbun bayanai ba kalmar sirri. Microsoft kanta ta faɗa wannan rami: a watan Yulin 2021 aka gano cewa a wasu nau'o'in Windows 10 fayil ɗin SAM, inda ake ajiye sirrin kalmomin shiga, yana da izinin da kowane talakan asusu zai iya karantawa. A Android kowace manhaja tana da nata asusun daban, wannan ne ya hana ɗaya leƙa ɗaya. Amma a 2011 an tarar Skype ta Android ta bar fayilolinta a buɗe, har kowace manhaja a wayar na iya karanta sunayen abokan mutum da hirarrakinsa. Google ta fara gargaɗin a daina ƙirƙirar fayil mai buɗaɗɗen izini a 2012, da gargaɗi bai wadatar ba, daga Android 7 a 2016 sai ta sa manhajar da aka gina don sabon tsarin ta gamu da kuskure nan take idan ta gwada. Wanda ke raba APK ɗinsa, wato fayil ɗin girka manhajar Android, ta WhatsApp ko Xender sai ya duba abu biyu, inda yake ajiye bayanan mutane, da kuma jerin izinin da yake nema. Manhajar lissafin adashi ba ta da abin yi da lambobin wayar mutum ko hotunansa, kuma duk wanda ya ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa tozarta mutane a wurin danginsu ya san abin da wannan izini yake iya haifarwa.

Ƙorafin wahala ba zan musa shi ba. Shigar da manhaja cikin rumbun Debian na hukuma hanya ce mai tsawo, sai ka samu wanda zai tsaya maka daga cikinsu, a duba lasisi, a jira layi, ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa duk da tashar wutar Shiroro na nan kusa da mu. Amma ba wanda ya ce sai ka shiga rumbunsu. Haɗa .deb naka na kanka ba ya buƙatar izinin kowa, ba ya cin data da zarar ka sauke kayan aikin sau ɗaya, kuma ƙunshin fayil ɗaya ne wanda izinin ke kulle a cikinsa, sai ka ɗora shi a filash ɗin FAT32 ka kai Kpakungu ko Chanchaga bai canza ba. Ga mutanen da suke miƙa manhaja hannu da hannu, wannan kaɗai ya biya wahalar.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa ƙunshi ma ba tsarkakakke ba ne, kuma gaskiya ne. Ƙunshin Debian na iya ɗaukar rubutun umarni da ke gudana da ikon root lokacin girki, kuskuren Bumblebee zai iya zama a cikinsa daram. A watan Yulin 2018 wani ya karɓi ƙunshin acroread da mai shi ya yi watsi da shi a AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba nasu, ya cusa masa mugun umarni. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa ya bi sawun jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi wajen shiga kwamfuta ta SSH, har ya tono wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil wadda mutum ɗaya ɗan sa-kai ya daɗe yana ɗauke da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa har aka yarda da shi, sannan ya dasa ta a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, kuma ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora. Babu lintian ɗin da ya kama wannan. Ƙunsawa ba ta maganin mugun nufi, kuma duk wanda ya gaya maka haka ya yi maka ƙarya. Amma a duba yadda aka fita daga matsalar. A AUR an kama abin ne saboda umarnin haɗa ƙunshin a bayyane yake, wani ya karanta ya gani. A xz kuwa, cikin ɗan lokaci kowane tsari ya iya cewa wace fitowa yake ɗauke da ita, ya janye ta, kowane mai kwamfuta ya iya tambayar na'urarsa da umarni ɗaya ko tana ciki. Ka kwatanta da zip ɗin da ya zagaya shaguna goma ba lamba ba rajista: ranar da ka gano kuskure, wa za ka kira, kuma ta yaya zai san wacce ke wurinsa? Darasin da na ɗauka daga waɗannan shi ne a rage abin da ke gudana da root lokacin girki iyakar iyawa, in ma zai yiwu a bar ƙunshin ya zama jerin fayiloli kawai, manhajar kuma a buɗe mata nata ƙaramin asusu ta gudana a ƙarƙashinsa.

Ga malamanmu masu duba aikin ɗalibai a Gidan Kwano da sauran makarantun jihar nan ina da roƙo. Ana ba da maki kan ko manhaja ta tashi a laftof ɗin ɗalibi ranar kare aiki, inda shi ne mai komai, ba abin da zai hana shi. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya ba ya cin minti goma: a girka ta a kwamfutar da ba ta taɓa ganinta ba, a buɗe asusu na biyu marar iko, a shiga da shi, a gwada karanta fayil ɗin saiti, a gwada sauya tushen manhajar. Idan ƙunshin .deb ne, dpkg-deb -c zai zayyano kowane fayil da izininsa tun kafin a girka, sai a bi shafin haruffan nan na hagu da ido, a tsaya a duk inda aka ga w a ukun ƙarshe na sauran jama'a, a duk inda mai fayil ba root ba ne, a duk inda aka ga s a gurbin x, domin wannan na nufin fayil ɗin zai gudana da ikon mai shi ko wa ya kira shi. Fayil ɗin da manhaja za ta ƙirƙira da kanta bayan girki ba zai fito a wannan jeri ba, saboda haka sai an kunna ta ta yi aiki, sannan a sake dubawa, kuma duk abin da ke ɗauke da sirri a tabbatar manhajar ta ƙirƙire shi da 600 tun daga farko, ba ta ƙirƙira a buɗe sannan ta rufe daga baya ba, domin tsakanin biyun akwai ɗan lokacin da wani zai iya riga ta. Kai kuma Alhaji mai kanti, ko ke Hajiya mai makaranta, ba sai kun san ko ɗaya daga cikin lambobin nan ba. Idan yaron ya gama girkawa, ku ce ya shiga da asusun ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin matsayi a wurin, ya nuna muku a gabanku cewa daga nan ba a iya buɗe fayil ɗin bayanan, ba a kuma iya goge shi.